Wankan Kulu

Shekara biyu ke nan da Sabiru ya ɗauko mahaifiyarsa, Hajiya Maiturare, daga ƙauyen Kwarin Dashi ya kawo ta Daura, kuma duk wanda ya ga gidan da ya ajiye ta sai ya sa masa albarka. Ai dole ne. Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe da maigadinta, tayil har cikin banɗaki, sola a kan rufi don kada ma ta san an ɗauke wuta. Ɗakinta kullum sanyi ƙalau, ko da ana tsakiyar bazara. Gadon kuwa in ta zauna sai ya haɗiye ta, sai an miƙo mata hannu take iya tashi. Sabiru fataucin shanu yake yi zuwa Kudu, Allah ya buɗa masa, kuma ba ya cikin 'ya'yan da ke samu su manta da gida. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce “mai gidan nan”.

Abu ɗaya ne bai shiga tunanin Sabiru ba. A Kwarin Dashi, fiye da shekara talatin, uwarsa ce mai wankan gawar mata. In mace ta cika, ita ake fara aika wa kafin liman. Turaren wannan aiki da ba ya rabuwa da jikinta shi ya ja mata sunan Maiturare. A Daura kuwa babu mai aiko mata. Aikinta ta ci, ta sha magani, ta kalli talabijin, ta jira lokacin salla. Ta yi ƙiba, fatarta ta yi sheƙi, amma ta daina hira. Da likita ya ce tana da hawan jini, sai Sabiru ya kafa doka a gidan: kada wanda ya kuskura ya gaya mata wani labari maras daɗi.

Ran wata Lahadi da hantsi tana zaune a tsakar gida, sai maigadi ya buɗe wa Shatu mai nono ƙaramar ƙofa. Rugar su Shatu na bayan Kwarin Dashi, shi ya sa Maiturare ba ta yarda kowa ya saya mata nono, ita take fitowa da kanta don ta samu mai ƙura a ƙafa ta yi magana da shi.

Shatu ta sauke ƙwarya, ta durƙusa. Yau ba ta fara da wasan da suka saba ba.

“Ina kwana, Hajiya. Ya ƙarin haƙuri?”

“Haƙurin me?”

Shatu ta ɗago ta dube ta, sai ta kama baki.

“Na ce haƙurin me, Shatu?”

“Wayyo, ni na ɗauka kin sani. Kulu ce, aminiyarki. Bayan sallar asuba ta cika. Ta ƙofar gidan na biyo, maza har sun tafi haƙa kabari. Liman ya ce ƙarfe sha ɗaya za a yi jana'iza, saboda zafin nan.”

Maiturare ta yi salati. Ta sake yi. Sai ta tambaya da wata murya da ba tata ba, “Ciwo ta yi?”

“Kwana tara tana kwance. Ai 'yarta Ikilima ta yi ta kiran wayarki.”

Kwana tara. Kwana tara ke nan cif da surukarta Fadila, matar Sabiru, ta karɓi wayarta ta ce an kai gyara.

Mutuwa ba baƙuwa ba ce a wurin Maiturare, ta riƙe ta da hannu biyu ya fi a ƙirga. Abin da ya tayar mata da hankali daban ne. Shekara arba'in da suka wuce, Kulu tana goyon Ikilima, wasu fararen tabo suka fito mata a baya, waɗanda ko an mintsina ba ta ji. Maiturare ce ta raka ta asibiti mai nisa a ɓoye, suka ce wa mutane ziyarar dangi za su. Kuturta ce. Kulu ta sha magani har ta warke sarai, ko farce bai faɗi ba, amma tabon ya zauna daga kafaɗa har ƙugu. Mijinta ya sani, ya kuma mutu da maganar a cikinsa. Ko Ikilima ba ta sani ba. A ƙauye kuwa in aka ɗora wa gida wannan suna, ba wanda zai tambaya ko an warke. Masu neman aure sai su canza hanya, kuma Kulu tana da jikoki 'yan mata huɗu. Shi ya sa wata rana a bakin rijiya ta riƙe hannun Maiturare ta ce, “In na riga ki, ke za ki yi mini wanka, ke kaɗai. Kada ki bari idon kowa ya ga bayana.” Maiturare ta ɗauki alkawari da sunan Allah.

Tun da ta bar ƙauye kuwa, Zaituna ce ta gaji aikin. Zaituna ba muguwa ba ce, hannunta ma yana da tsabta. Bakinta ne ba shi da murfi. In ta wanke gawa da safe, kafin la'asar matan da ke bakin injin niƙa sun san yadda marigayiyar ta rame.

Maiturare ta miƙe ba tare da ta nemi hannun kowa ba.

“Fadila!”

Fadila ta fito daga kicin tana goge hannu. Tana ganin Shatu a durƙushe da fuskar tsohuwa, ta san asiri ya tonu.

“Ina wayata?”

“Hajiya, ki yi haƙuri, ki zauna tukuna...”

“Ƙarfe nawa yanzu?”

“Goma saura kwata.”

“Kin san Kulu ba ta da lafiya?”

Hawaye suka zubo wa Fadila. Yarinya ce mai kirki, ita ke yanka mata farce, ita ke tashi ta duba ko ta sha magani. “Alhaji ne ya ce a bari sai ta ji sauƙi a kai ki. Ya ce jininki zai hau. Wallahi ba mu zaci abin zai kai haka ba.”

“Kira mini Ikilima.”

Fadila ta kira sau uku, ba ta shiga ba. Haka Kwarin Dashi yake, sai mutum ya hau tudun bayan masallaci waya ke kamawa, kuma wa zai hau tudu ranar da uwarsa ta mutu? Sai ta kira Sabiru, wanda ya yi sammako zuwa kasuwar shanu ta Mai'aduwa da motar gidan. Muryarsa ta fito tare da kukan shanu da hayaniyar dillalai.

“Inna, Allah ya jiƙanta. Don Allah ki kwantar da hankalinki, ki sha maganinki. Da la'asar zan dawo in kai ki gaisuwa da kaina.”

“Ba gaisuwa za ni ba. Wanka za ni yi mata.”

“Haba Inna, wane irin wanka kuma? Ai kin wuce wannan wahalar. Akwai masu yi. Me mutane za su ce, ina raye uwata tana...”

Maiturare ta mayar wa Fadila wayar yana cikin magana. Ba za ta iya gaya masa dalili ba, don faɗin dalilin shi ne karya alkawarin. Ta nufi ƙofa.

Maigadi ya riga ya tsaya a gaban ƙaramar ƙofar, kansa a sunkuye. Dattijo ne mutumin Mashi, mai ladabi, kuma da wannan aiki yake ciyar da gidansa.

“Hajiya, ki rufa mini asiri. Yanzu Alhaji ya kira ni. Ya ce in kika fita a wannan rana, a bakin aikina.”

“Malam, matsa.”

“Hajiya, ki yi mini rai.”

Ta dubi katangar da ake yaba mata, ta dubi kwaɗon da ke hannunsa. Ita da ta haihu tara, ta binne huɗu, ta wanke matan gari guda, yau sai ta nemi izini kafin ta taka titi. Wani baƙin ciki ya taso mata, ta ji jijiyar kanta tana harbawa. Ba ta ɗaga murya ba.

“Akwai wata baiwar Allah kwance tana jirana. In aka rufe ta ban je ba, ni zan amsa tambaya a gaban Allah, amma zan ce kai ka tare ƙofa.”

Maigadi ya rasa inda zai sa idonsa. Sai ga Fadila ta fito da sauri, hijabi a hannu ɗaya, a ɗayan kuma wani tsohon ƙunshi mai ƙura. Ƙunshin aikin Maiturare ne, wanda Sabiru ya sa aka jefa a sito tun ranar da ta tare, wai ba a ajiye irin waɗannan kaya a gidan mutane masu rai.

“Baba, ba ni makullin,” in ji Fadila. “In ya dawo ka ce ni na buɗe. Je ka tsayar mata da babur.”

Rabon Maiturare da hawa babur tun kafin ta zo Daura. Sai da Shatu da Fadila suka tallafa mata sannan ta zauna. Ɗan acaɓan magidanci ne mai furfura a gemu, yana jin an ce gawa ake jira bai ƙara tambaya ba, ya murɗa.

Rana ta riga ta buɗe. Iskar da ke dukan fuskarta zafi gare ta kamar hucin murhu, kuma jikinta da ya saba da sanyin ɗaki nan da nan ya jiƙe sharkaf. Ta rungume ƙunshin da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe ƙarfen baya. A hanyar fita gari wata babbar mota ta maƙale ta tare rabin titi, suka kutsa ta gefen kwata. Ita dai ba ta ganin komai sai hannun Zaituna yana ɗaga rigar Kulu.

“Malam, ƙarfe nawa?”

“Goma da kwata, Hajiya.”

Ta yi ta auna abin a ranta. In jana'iza sha ɗaya ce, to wanka ƙarfe goma ake farawa, ko ma kafin nan. Wataƙila an gama. Wataƙila yanzu haka Zaituna ta fito tana wanke hannu, tana neman wadda za ta raɗa wa. Ta ce, “Ƙara wuta,” ita da a da take yi wa 'yan acaɓa faɗan gudu.

Sun wuce Sandamu suka sauka daga kwalta, suka kama burji, daga nan suka shiga 'yar hanyar da ta ratsa gonaki, duk an share su ana jiran ruwa. Da suka iso busasshen rafin da ke gaban Kwarin Dashi, tayar babur ta nutse cikin yashi. Mutumin ya yi ta fama, injin yana kuka, tayar baya tana tono rami.

“Hajiya, sai dai ki sauka. In na tura shi na haye sai in ɗauke ki.”

Ba ta jira shi ba. Daga nan ana hango rumbunan gari da tsamiyar ƙofar gidan su Kulu. Tafiyar da a da take yi da tulu a ka ba ta ko lura ba. Taku goma ta yi, takalmin Makka mai santsi da aka saya mata ya tsinke. Ta yar da shi ta taka yashi da ƙafa. Nan ta gane abin da shekara biyu a kan tayil suka yi mata. Tafin ƙafar da a da ƙaya ke karyewa a jikinsa ya zama kamar na jariri, yashin ya gasa shi har sai da ta yi ƙara. Numfashinta ya sarƙe, gwiwoyi suka ƙi ɗaukar nauyin da aka tara musu. Ta faɗi a kan hannu, ta tashi. Idonta ya fara ganin duhu-duhu, ta ce a ranta in ma jinin ne zai kashe ta, to ya bari ta isa tukuna.

Da ta hau gaɓar rafin ta hango maza cike a gindin tsamiya, wasu na alwala. Idonta ya wuce su yana neman abu ɗaya. Ga shi can, makara a jingine da katangar zaure, ba kowa a ciki. Ba a shigar da ita ba tukuna.

Maza suka dare suka ba ta hanya, ana “Maiturare ce, Maiturare ce.” Ba ta amsa gaisuwar kowa ba. A zaure ƙanin Kulu yana tsaye yana ɗaga murya zuwa cikin gida, yana cewa wannan wane irin taurin kai ne, rana tana yi, an daɗe da gama haƙa kabari, a bar Zaituna ta yi aikinta.

Tsakar gida cike da mata. A ƙofar ɗakin Kulu ga bokitai biyu na ruwa, ga Zaituna ta naɗe hannun riga, ƙwarya a hannu. Ikilima ce tsaye a bakin ƙofar ta riƙe dogaran ƙofar biyu, idanunta sun kumbura. Tun safe take tsaye a nan tana cewa Inna ta bar wasiyya, ana ce mata wadda ake jira tana birni cikin daula, ba za ta zo ba. Yanzu ƙarfinta ya ƙare. Daidai lokacin da Maiturare ta shigo, hannun Ikilima ɗaya ya sauka, Zaituna ta ɗaga labule ta sa ƙafa.

“Zaituna, ajiye ƙwaryar nan.”

Zaituna ta juyo, ta ga tsohuwa ba takalmi, yashi har gwiwa, hijabi ya karkace.

“Yaya Maiturare, sannu da zuwa. To ai sai in kama miki, ke kaɗai ba za ki iya juya ta ba.”

“Allah ya ba ki lada. Ni kaɗai ta ce.”

Ta shiga, ta sa Ikilima ta ɗaure zane daga bango zuwa bango, ta zauna ta bayansa tana miƙo ruwa. Maiturare ta kwance ƙunshinta. Ganyen magaryar ya bushe ya zama gari, amma zai yi. Sabulu na nan, kafur na nan, ƙyallen naɗe hannu na nan a ninke yadda ta bar shi.

Kulu tana kwance rigingine a kan tabarma, ta ƙanƙance kamar yarinya. Maiturare ta dafa goshinta ta ce, “Ga ni, Kulu. Na makara, amma ga ni.” Ta yi bisimilla, ta rufa mata zane, ta kai hannu za ta zare rigar. Rigar ta ƙi fita. Ta tallafo kafaɗar da ƙyar, ta juya ta gefe. Sai ta ga rigar ta manne da bayan. A kan tsohon tabon nan ga sababbin gyambuna na kwanciya, danye-danye, daga kafaɗa har ƙugu.

“Ikilima,” ta ce a hankali, “ba ku juya ta ne?”

Daga bayan zanen muryar Ikilima ta fito a karye. “Ta hana, Inna Maiturare. Kwana tara ba ta yarda an canza mata riga ba, ba ta yarda an goge mata jiki ba, ga zafin nan. In na matsa sai ta riƙe wuyan rigar ta ce a bari sai kin zo. Duk babur ɗin da ya tsaya a waje sai ta ce, ga Maiturare nan.”

A shekara talatin na wannan aiki Maiturare ba ta taɓa kuka a kan gawa ba, ita ce ma mai hana wasu. Yau hawaye suka zubo, ta kawar da kai don kada su ɗiga a jikin. Ta jiƙa rigar da ruwan ɗumi tana ɓamɓarewa kaɗan-kaɗan, kamar mai jin tsoron kada ta ji zafi. Ta yi mata alwala, ta wanke dama, ta wanke hagu, sau uku, na ƙarshe da kafur. Ta tsefe furfurar ta kama ta gida uku. Ta naɗe ta a likkafani ta fesa turare, ta ɗaure. Rigar kuma ta cusa a cikin ƙunshinta. Sannan ta ce a shigo da makara.

Sai bayan an dawo daga maƙabarta aka aiko cewa Alhaji Sabiru yana zaure yana son ganinta. Ashe ya baro kasuwa tun da aka ce masa ta fita, har ya samu sallar jana'iza. Ta fito tana dafa bango, don tafin ƙafarta duk ya yi bororo. Yana ganin ƙafar ya durƙusa, idonsa ya yi ja. Ga robar ruwa mai sanyi a hannunsa, ga ƙwayoyin maganinta.

“Inna, dubi yadda kika yi da kanki. Sha wannan. Mota na waje, mu koma gida ki huta.”

Ta karɓi maganin ta haɗiya, don ba gardama ta fito yi ba. Ta san yaron nan yana sonta, kuma wannan ne ya fi yi mata ciwo.

“Kwana tara tana kirana,” ta ce.

“Don lafiyarki na yi, Inna. Wallahi don lafiyarki.”

“Na sani. Ga ni nan lafiya lau, ba abin da ya same ni. Ina can kwance a gadon da ka saya mini, ita tana nan bayanta yana ruɓewa, tana sauraron ƙarar babur.”

Ya sunkuyar da kai. Ta daɗe tana kallon tsakiyar hularsa.

“Sabiru.”

Ya ɗago a firgice. Shekararsa arba'in da biyar a duniya, bai taɓa jin sunan nan daga bakinta ba.

“Makullin ɗakina na nan garin yana wurinka. Ka aiko mini da shi kafin magariba, tare da wayata. Kada ka ga laifin matarka ko maigadinka, ni na sa su.”

“Inna, ɗakin nan ko fanka babu.”

“Amma in an ƙwanƙwasa ina ji.”

Ta juya ta koma ciki tana ɗingishi. Ikilima ta matsa mata a kan tabarma, ta zauna a cikin masu karɓar gaisuwa.